Badamasi Mai Buɗe Ruwa da Ƙwai Tara

A shekarar 2001 na fara sanin Badamasi, cikin watan Nuwamba, ranar da manoman sashenmu suka zaɓe shi ya riƙa buɗe musu ruwa. A lokacin ni ne akawun awon ruwa a ofishin noman rani na Kura, saura shekara biyar in yi ritaya. Aikina in karanta ma'aunin da ke bakin babbar kanal, wato hanyar ruwan, safe da yamma, in rubuta, kuma duk ƙarshen wata in ɗebi ruwa a kwalba in aika a gwada. Badamasi ya shigo ofis da wandonsa a naɗe har gwiwa, dogo ne, mai kunya, shekarunsa ba su wuce ashirin da bakwai ba. Na miƙa masa makullin ƙofar ruwa, wani ƙarfe mai nauyi kamar taɓarya. Bai karɓa nan take ba. Sai da ya yi addu'a a hankali, ya tofa wa ƙarfen sau uku, sannan ya saɓa shi a kafaɗa.

Na ce, "Ƙarfen gwamnati ne fa, ba ya ciwon kai."

Ya ce, "Baba Akawu, shi ba ya yi. Ni nake yi."

Haka yake tun asali. Mahaifinsa malamin allo ne a Bunkure, kuma a gidansu ba a fara komai sai an yi masa addu'a an tofa. Buhun iri, sabon babur, kan jaririn maƙwabci, duk ɗaya ne a wurinsa. Manoma arba'in da 'yan kai yake raba wa ruwa, kowa da ranarsa da sa'arsa, kuma shekara ashirin da biyu ban taɓa jin an zare wa juna fartanya a sashensa ba. Ba ya ɗaura agogo. Yana duban inuwar ƙofar ruwan ya ce lokacin wane ya cika, in duba nawa agogon in ga bai kuskure da minti biyar ba.

Ya auri Saude a 2004. Ita sana'arta turara shinkafa, kuma in kana neman mai yi maka magana ba kwana-kwana, to ita ce. Shekara goma sha tara suna tare, ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. A damina ta 2023 wani likita a wani asibiti mai zaman kansa a cikin Kano ya ce hanyoyin da ƙwai ke bi zuwa mahaifarta a toshe suke. Ya ce abin da ya rage shi ne a ciro ƙwan, a haɗa shi da maniyyin mijinta a waje, a raine shi kwana biyar, sannan a mayar mata. Ya ƙara da cewa shekarunta talatin da takwas, ƙwan ya fara ƙaranci, kada su sa ran za a yi ta maimaitawa. Badamasi ya je ya tambayi malamai, suka ce muddin ƙwan na matarsa ne, ruwan nasa ne, babu laifi. Daga nan ya zo wurina, domin takardun asibitin duk da Turanci suke, ni kuwa Turawan mishan sun bar mini shi tun ina yaro.

Wadda za ta raini ƙwan sunanta Nafisat. Ta ce mana ita ba likita ba ce, aikinta a ɗakin gwaji yake, amma har aka gama Likita muke ce mata. Ta zaunar da mu ta nuna mana hoton kwalabe uku ƙanana.

Ta ce, "Ƙwan nan ba a busasshen faranti zai zauna ba. A cikin ɗigon ruwa zai zauna, ruwan raino. An haɗa shi ne ya yi kama da ruwan da ke cikin jikin mace, da gishirinsa da sukarinsa da abincinsa, kowanne da awo. Na farko, a cikinsa ƙwai da maniyyi suke haɗuwa. Na biyu, na kwana uku na farko ne, shi ba a sa masa sukari da yawa don ɗan tayin bai iya da shi ba tukuna. Ranar ta uku sai in mayar da shi cikin na ukun, mai ɗan ƙarfi, ya kai shi rana ta biyar. In ruwan ya yi kyau, ƙwai mai kyau zai nuna kansa. In ruwan ya samu matsala, ko ƙwan ya fi kowanne kyau, ba zai je ko'ina ba."

Badamasi ya ce, "Daga wace rijiya ake ɗebo shi?"

Ta yi dariya. "Daga ƙasar waje, Malam Badamasi. A jirgi yake zuwa cikin ƙanƙara, kuma ba ya wuce 'yan makonni ya lalace."

"To wa yake cewa yau ranar wannan ruwa ce, gobe ta wancan?"

"Ni."

Ya gyaɗa kai, ya dubi Saude. "Ashe 'yar sana'armu ce."

Saude ta ce, "Ita dai ba ta shigo wa mutane ɗaki da taɓo."

Ta ba mu takarda mai ƙa'idoji, na karanta masa ita a mota muna komawa. Kada a shafa turare ranar. A wanke hannu da sabulu. Kofin da za a ba shi, kada ya taɓa cikinsa, kada ya taɓa cikin murfin. Na fassara masa kalma bayan kalma, kamar yadda aka rubuta.

Ranar Litinin, huɗu ga Disamba, aka ciro ƙwai tara. Muna zaune a benci muna jira, muka haɗu da wani mutum mai suna Lukmanu, manomin albasa daga Garun Mallam, wanda za a ciro na matarsa Muhsina ranar Juma'a. Da ya ji sana'ar Badamasi sai ya ce, "Af, ku ne masu barci a bakin ƙofa ruwa na wucewa."

Badamasi ya ce, "Wane ruwan? Wanda kuka shanye kafin ya iso mana?"

Suka yi ta yi, har suka karɓi lambar juna. Ina jin kowannensu daɗi ya ji da ya samu wanda ba sai ya yi masa bayanin abin da ya kawo shi ba. Ana cikin haka aka kira Badamasi aka ba shi wata 'yar roba mai jan murfi, ya bi wani lungu. Ban bi shi ba, ba wurin rakiya ba ne.

Kafin mu tafi Nafisat ta ce ta raba ƙwan gida biyu. Biyar ta zuba musu maniyyi a cikin ruwan farko, su haɗu da kansu. Huɗu kuma ta ɗauki ƙwayar maniyyi ɗaya-ɗaya, ta wanke, ta sa wa kowanne da allura, ta ajiye su a ruwa na biyu a wani faranti dabam. Ta ce za ta kira da ƙarfe tara na kowace safiya. Ta kuma ce likita ya ga ɗan ruwa ya taru a mahaifar Saude, don haka ba za a mayar mata da komai ba kafin Asabar, sai wurin ya bushe.

Ranar Talata tun takwas da rabi ina gidansu. Saude na kwance a tabarma a tsakar gida, wayar na kan kujera tsakaninmu. Tara ta wuce. Tara da kwata. Badamasi ya ɗauki wayar ya duba ko a kashe take, ya ajiye, ya sake ɗauka. Sai tara da minti ashirin da biyu ta yi ƙara.

Nafisat ba ta tsawaita gaisuwa ba. Ta ce daga cikin huɗun da ta yi wa allura, uku sun kama, kuma ruwansu garau yake. Amma farantin biyar ɗin, ruwansa ya gurɓace. Ya yi fari-fari kamar an ɗiga masa nono, ƙwayoyin cuta sun cika shi. Ta wanke ƙwan ta sauya musu ruwa, amma kada mu sa rai.

Saude ta tashi zaune. "Likita, daga ina cutar ta shiga?"

"Abin da ya hana ni kira da wuri ke nan, Hajiya. Wuri biyu ne. Ko daga maniyyin, ko daga kwalbar ruwan. Gwajin da muka yi wa Malam mako biyu da suka wuce bai nuna komai ba. Kwalin ruwan nan kuwa ya yi lattin kwana biyu a hanya, ya iso ƙanƙararsa ta kusa narkewa. Shi nake zargi. Na aika a gwada, amma sakamako sai Juma'a."

Na ce, "To, ai sai a jira Juma'ar."

"Baba, jibi Alhamis ne ya kamata in mayar da ukun nan cikin ruwa na uku. Kwalbarsa a kwali ɗaya suka zo da waccan. In na mayar da su kuma ita ma ta lalace, sun tafi. In na bar su a ruwan da suke ciki, abincinsa ba zai kai su Asabar yadda ake so ba. Ko in ce in daskarar da su, ruwan daskarewar ma a kwalin ya zo. Malam Badamasi, kana jina? Kofin nan, ya faɗi ƙasa? Ka taɓa cikinsa?"

Ya ce, "Bai faɗi ba. Ban taɓa ba."

Gaskiya ya faɗa mata, sai dai ba duka ba.

Ranar da yamma, karo na farko cikin shekara ashirin da biyu, Badamasi ya manta bai rufe ƙofar ruwa ba. Ruwa ya tsallake fangali, wato kwamin shuka, ya kwanta a tumatirin wani dattijo har sai da aka zo gida aka kira shi. Mutane suka ce ai dole, matarsa ba lafiya. Ni ma haka na ɗauka.

Ranar Laraba Nafisat ta kira tara daidai. Biyar ɗin sun mutu. Ukun sun rabu gida huɗu-huɗu, kamar yadda ake so. Ba ta yanke shawara kan gobe ba. Saude ta ce Allah ya sa haka shi ne mafi alheri, ta juya fuskarta bango. Ba a yi minti goma ba wayar ta sake ƙara, Lukmanu ne. Ya ce an ce musu ruwan asibitin ba a amince da shi ba, kuma allurar da ake yi wa matarsa ba ta jira, don haka an haɗa su da wani asibiti a Abuja. Yanzu haka suna tasha. Ya ce abin da ke damunsa, irin albasarsa ya isa dashe, fangali ma an gyara, ga shi zai yi kwana goma ba ya nan, ƙanensa kuwa ba abin dogaro ba ne. Ya ce mu yi musu addu'a, su ma suna yi mana.

Badamasi ya ajiye wayar ya fita ba sallama. Bayan azahar ya zo gidana ya ce in raka shi ƙofar ruwa. Na hau bayan babur ɗinsa. Muka zauna a kan simintin, ruwa na wucewa ƙarƙashinmu.

Can ya ce, "Baba Akawu, da can in za ka ɗebi ruwa a kwalba, nakan ga ka kau da kai gefe. Ko magana ba ka yi sai ka rufe. Me ya sa?"

Na ce masa wata Baturiya ce ta koya mana a makarantar mishan, a 1959. Ta sa kowannenmu ya ɗiga yawunsa a gilashi, ta sa mu leƙa ta madubin da ke girmama ƙananan abubuwa. Abin da na gani yana motsi a nawa ya hana ni cin tuwo ranar. Ta ce bakin mai lafiya ma cike yake da su, ba sa cutar da shi, amma in suka samu ruwa mai ɗumi mai abinci, kwana ɗaya ya ishe su su cika shi.

Ina cikin magana ya katse ni.

Ya ce, "Na buɗe murfin a lungun nan. Babu komai a ciki tukuna. Ba aya na karanta ba, na san ba wurinta ba ne. Addu'a ce kawai, wadda mahaifina yake yi mana. Na tofa. Sau uku."

Na ce, "Innalillahi."

"Takardar cewa ta yi kada a taɓa. Ban taɓa ba."

"Haka ta ce. Ni na karanta maka."

"To addu'a ce ta kashe su? Haka kake so in yarda?"

"Ba addu'ar ba ce, Badamasi. Yawun ne."

Ya ce tun jiya da Nafisat ta ce kamar an ɗiga nono, abin ya faɗo masa. Ya yi ta korarsa yana dawowa. Ya ce ta yaya zai tsaya gaban yarinyar da a haife ya haife ta, ya yi mata bayanin abin da ya yi a wannan lungu? Kuma in ya faɗa, Saude za ta sani. Wata biyu ana huda mata ciki da allura, ƙwai tara kacal aka samu, shi ya zubar da biyar da bakinsa.

Na ce, "Saura uku. Gobe da safe yarinyar nan za ta yanke musu hukunci a kan abin da ba haka yake ba. In ta bar su a tsohon ruwa don tsoron kwalbar da lafiyarta ƙalau, wa ya jawo?"

"In kuma kwalbar ce fa? In ba ni ba ne?"

"Ita za ta auna. Kai dai ka ba ta abin da za ta auna da shi."

Ya ce sai ya fara faɗa wa Saude. Na so in tsaya a zaure, ya ce in shigo. Yana tsaye ya faɗa mata, kansa a ƙasa, kamar mai ba da rahoto a ofis. Ta saurara har ya gama. Ta ɗauki ɗankwalinta ta ɗaura, ta kwance, ta sake ɗaurawa.

Ta ce, "Malam, wallahi da ni aka ba kofin nan, da na tofa. Ban san ba a yi ba." Ya ɗago kai. Ta ce, "Amma da jiya na faɗa. Jiya da matar nan take tambayarka, ina kwance a nan kamar buhu, kana kallona."

"Saude…"

"Kada ka Saude ni. Tashi. Baba, don Allah ka tafi da shi, in ya tsaya sayen mai ka tura shi."

Ya ƙi yarda ya faɗa wa Nafisat a waya, don haka muka shiga motar Kano. Tun daga fitowarmu Kura motocin tumatir suka tare mu, ba mu isa ba sai biyar saura. Ina ta duban agogo, ina tsoron mu tarar ta tashi. Muka same ta tana cire hular aiki. Ta kai mu wani ƙaramin ofis ta rufe ƙofa.

Badamasi ya faɗa, yana duban takalmansa. Ban taya shi ba.

Ta ce, "Kafin, ko bayan?"

"Kafin."

"Sau nawa?"

"Uku."

"Yawu ya fita, ko iska ce kawai?"

"Tofi ne, Likita. Yana ɗan fita."

Ta rufe fuska da hannu biyu. Na ɗauka kuka za ta yi ko faɗa. Da ta sauke hannun sai ta ce abin da ta gani a madubi jiya, 'yan ƙwayoyi ne a jere kamar carbi, irin waɗanda ake samu a baki, ta yi ta mamakin yadda za su shiga kwalbar da aka rufe a masana'anta. Ta ce tun jiya ta ɗiga ruwan kowace kwalba shi kaɗai a cikin na'urar ɗumi, har yanzu garau suke, amma kwana ɗaya bai isa ta dogara da shi ba. Yanzu da wannan magana, in ta zo da safe ta tarar ba su canza ba, za ta mayar da ukun.

"Ba zan rantse maka cewa kai ne ba, Malam Badamasi. Amma yanzu na san inda zan duba." Ta ɗauki takardar ƙa'idojin daga kan tebur ta dube ta. "Kakata ma haka take yi mana a kofin shayi. Shekara shida ina miƙa wa mutane takardar nan, ban taɓa tunanin in rubuta ba." Sai ta ƙara, a hankali, kamar da kanta take magana, "Da jiya na sani, da ban tura mutane Abuja ba."

Ba ta ambaci suna ba. Amma ni da Badamasi mun san su Lukmanu take nufi.

Ranar Alhamis na je gidan takwas da rabi, na tarar ba ya nan. Saude ta ce ya buɗe ruwa tun da sassafe, ya bar wa wani amintaccensa makulli, ya bar mata wayar, ya hau babur ya tafi. Na ji haushi, ba zan ɓoye ba. Na ɗauka kunya ce ta kore shi daga gaban matarsa a ranar da ta fi bukatarsa. Ni da ita muka zauna da wayar. Tara da minti biyar Nafisat ta ce ɗigon gwajin garau, ta mayar da ukun cikin ruwa na uku. Ta ce yanzu ba za ta buɗe na'urar ba sai dole, don duk buɗewa ɗumi yana fita.

Saude ta ce, "Baba, in ruwan ne fa? In shi Malam ya ɗora wa kansa laifin banza, ita kuma ta yarda?"

Na ce mata gobe sakamako zai fito. Ta ce goben tana da nisa. Yinin nan ba ta ci komai ba sai kunu, ta hana a kunna rediyo don kada wayar ta yi ƙara ba a ji ba, ko da yake ta san ba mai kira sai gobe.

Ranar Juma'a sakamako ya fito, kwalabe duka lafiya. Amma ɗaya daga cikin ukun ya tsaya, bai ƙara rabuwa ba. Nafisat ta ce hakan yana faruwa ko a ruwa mafi kyau, ba kowane ƙwai ne yake kaiwa ba. Saura biyu. Saude ta ƙirga a yatsa, tara, huɗu, uku, biyu, ta dube ni ta ce, "Gobe kuma nawa?"

Ranar Asabar Badamasi ya yi wanka da sabulu mara ƙamshi, muka tafi mu uku. Nafisat ta nuna musu hoto a allon na'ura. Ɗaya ya ja baya, ba ta sa masa rai. Ɗayan kuwa ya zama kamar ɗan ƙwallo mai ruwa a ciki, da ɗan dunƙule a gefe guda. Ta ce dunƙulen nan shi ne zai zama mutum, in Allah ya so. Badamasi ya matso kusa da allon, na ga laɓɓansa na motsi. Sai ya sa tafin hannu ya rufe bakinsa, ya ƙarasa addu'ar a haka.

Aka mayar wa Saude da shi ƙarfe goma sha ɗaya da rabi. Bayan kwana goma sha biyu aka ɗebi jininta, aka ce ya kama. Yau da nake rubutun nan cikin yana wata na biyar. Ta daina turara shinkafa, ba ta ɗaga ko bokiti, kuma duk ranar awo Badamasi ba ya iya karyawa sai sun dawo. Har yanzu ba wanda ya yarda ya yi maganar suna a gidan.

Inda yake zuwa a waɗannan safiyoyi kuwa, sai a watan Maris na sani. Na haɗu da Lukmanu a tashar Garun Mallam yana loda buhunan albasa. Ya ce nasu bai kama ba a Abuja. An samu ƙwai, an mayar, bai zauna ba. Muhsina ta ce a bar ta ta huta tukuna. Ya ce albasa dai ta yi kyau bana, kuma ba shi ya dasa ta ba. Ya dawo ya tarar da fangali ashirin da shida an dashe su layi-layi, an ba su ruwa a kan lokaci. Ƙanensa ya ce wani dogon mutum ne yake zuwa a babur kowace safiya, in ban da Asabar guda, ya ce ƙungiyar manoma ce ta turo shi. Lukmanu ya je ƙungiya godiya, suka ce ba su turo kowa ba.

Da yamma na sami Badamasi a ƙofar ruwa yana cire ciyawar da ta toshe ragar bakin ƙofar.

Na ce, "Na ga Lukmanu. Albasarsa ta yi kyau."

Ya ce, "Ƙasarsu tana da kyau."

"Ya san dalilin da aka tura su Abuja?"

Ya jefar da ciyawar a bakin kanal, ya goge hannu a wando. "Sau biyu ina zuwa ƙofar gidansa, Baba Akawu. Ban iya sallama ba." Ya ɗauki makullin ya ɗora a kan ƙofar. "Ya ce zai sa masara bayan albasa. Ƙanen nan nasa ko kunyar shuka bai iya ja ba."

Ya juya ƙarfen, ruwa ya shiga sashen mai rabon yamma.